Zaure a cikin na'ura: tsokaci kan ƙa'idar IFC da shigo da fayilolin zanen gini a inda babu intanet

0. Gabatarwa

Mai karatu zai iya yin mamakin ganin maganar zanen gini da kwamfuta a cikin takardun sashen nazarin harsuna. Dalilinmu shi ne, duk wanda ya ɗauki fayil ɗin zanen gini daga wata manhaja ya shigo da shi cikin wata, fassara yake yi, ko ya sani ko bai sani ba, kuma fassarar tana da ƙamus da nahawu. Wannan ƙamus shi ne ƙa'idar da ake kira IFC, wadda ƙungiyar buildingSMART ke kula da ita, hukumar ISO kuma ta amince da ita a 2013 ƙarƙashin lamba 16739, ta sake fitar da ita a 2018 da 2024. A nan za mu karanta bugun 2024, wato IFC 4.3, kamar yadda muka saba karanta kowane ƙamus. Za mu tambaye shi kalmomin da maginin ƙasar Damagaram ke aiki da su, mu ga waɗanda ya sani da waɗanda bai sani ba, sa'an nan mu duba abin da rashin sanin ke jawowa ga mai aiki a wuri kamar Kwaya, inda ba kullum ake samun rezo ba.

1. Abin da ya jawo wannan rubutu

Kwaya ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Magarya, cikin jahar Damagaram, yankin da aka raba a 2011 aka fitar da gundumar Dungas daga cikinsa. A bazarar 2025 wani ɗan ƙanwarmu, wanda ya karanci aikin gini kuma yake zaune a Magarya, ya sami aikin sa ido kan ginin ma'ajiyar hatsi a wani ƙauye na ƙasar Kwaya. Wani ofishin zane ne a Yamai ya tsara ginin, kuma ya yi abin yabo, domin da ƙasa ya tsara shi: bangon tubali, zaure a gaba, rufin soro a kan baka, zankaye a kusurwoyi, da dakali a bakin ƙofa. An aiko masa da fayil biyu ta waya. Na farko bai buɗu ba sam, saboda da sigar wata manhaja ta kuɗi aka ajiye shi, shi kuwa ba shi da ita. Na biyu, na IFC, ya buɗu da wata manhaja ta kyauta da ke cikin kwamfutarsa.

Da muka je hutu ya nuna mana abin da ya gani. A ido ginin cikakke ne, ana juya shi ta kowane gefe. Amma da ya nemi na'ura ta fitar da jadawalin kayan aiki, sai ga bango da ƙofofi da tagogi, babu baka, babu zanko, babu dakali. Ya ce: «Kawu, ginin yana nan, amma rabinsa ba ya cikin lissafi.» Tsohon maginin ƙauyen da zai yi aikin, wanda bai taɓa riƙa kwamfuta ba, ya leƙa allon ya kira kowane ɓangare da sunansa ba tare da ya tsaya tunani ba. Na'urar ita ce ta kasa. A jerin sassan ginin, duk waɗannan abubuwa sun fito da suna ɗaya, IfcBuildingElementProxy, sai lamba da ta bambanta su. Za mu koma kan wannan suna a sashe na 4.

2. Me ake nufi da aiki ba tare da intanet ba?

Irin manhajar da muke magana a kanta ba layi kawai take zanawa ba. Tana gina samfurin gini (maquette numérique) wanda kowane ɓangarensa ya san ko shi mene ne: wannan bango ne, kaurinsa kaza, da abu kaza aka yi shi, yana jingine da wancan. Kamfanin Graphisoft na Budafes ya fara wannan hanya da ArchiCAD a shekarun 1980. Revit ya fito a 2000, kamfanin Autodesk ya saye shi a 2002. A wancan zamani mutum kan sayi manhaja a faifai, ta zama tasa. A 2016 Autodesk ya daina sayar da lasisin dindindin ya koma haya, kuma mai hayar mutum ɗaya sai ya haɗa na'urarsa da intanet aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30 domin a tabbatar da lasisinsa. Bugu da ƙari, fayil ɗin da aka ajiye da sabon Revit ba ya buɗuwa da tsoho. Ga ofishin da ke Paris ko Legas wannan ba wani abu ba ne. Ga wanda ke aiki a yankin da wutarsa ke zuwa daga Najeriya ta layin Katsina zuwa Gazawa, wanda kuma ya ga yadda aka yanke wutar nan daga Agustan 2023 har cikin watannin farko na 2024 saboda takunkumin CEDEAO, magana ce ta ko zai yi aiki ko ba zai yi ba.

Akwai mafita a wajen manhajojin kyauta. FreeCAD, wanda bugunsa na 1.0 ya fito a Nuwamban 2024, yana ɗauke da sashen samfurin gini, kuma yana karanta IFC ta hanyar IfcOpenShell, aikin da Thomas Krijnen ya fara a 2011. Haka nan Bonsai, wanda aka fara da sunan BlenderBIM aka sake masa suna a 2024. Dukansu ana iya kwafe su a ƴar ma'ajiyar USB a Damagaram a kai su ƙauye, ba sa neman lasisi, ba sa neman rezo. Sai dai mai shirin tafiya ya tuna cewa FreeCAD ba ya buɗe fayil ɗin DWG shi kaɗai, yana buƙatar wata ƙaramar manhaja mai juya shi zuwa DXF, wadda dole a sauko da ita tun ana cikin gari.

Ke nan matsalar buɗe manhaja tana da magani. Abin da ya fi damun mu shi ne wani ɓangaren na rashin intanet wanda ba a cika magana a kansa ba. Mai aiki a Yamai, in ya ga ɓangaren da bai gane ba, zai kira wanda ya zana, ko ya shiga ƙamus ɗin buildingSMART da ake kira bSDD, wanda a intanet yake zaune. Mai aiki a ƙauyen Kwaya ba shi da komai sai abin da fayil ɗin ya zo da shi a cikinsa. Matsayinsa daidai yake da na mai karanta tsohuwar wasiƙar ajami wadda marubucinta ba ya kusa: ma'anar da ba a rubuta ba ta ɓace. Saboda haka rashin intanet shi ne ma'aunin da ke nuna ainihin abin da ƙa'idar ke iya ɗauka.

3. Shigo da fayil fassara ce

3.1. Fayilolin da ke yawo tsakanin ofisoshin zane da wuraren gini a ƙasarmu iri uku ne. Na farko PDF, wanda hoto ne: mutum yana ganin bango, na'ura tana ganin baƙi a kan fari. Na biyu DWG da DXF, waɗanda suka zo tare da AutoCAD tun 1982. A cikinsu akwai layuka masu tsawo da gurbi, amma layi biyu da ke kusa da juna ba su san cewa su bango ba ne. Ma'anar tana cikin sunan da mai zane ya ga dama ya ba shimfiɗar layukan, misali MUR ko COTATION, kuma kowane ofis da al'adarsa. Na uku IFC, inda kowane abu yake da rukuni, da suna, da dangantaka da sauran. A na ukun ne kawai za a iya cewa akwai jimla, wato akwai suna da abin da aka faɗa a kansa.

3.2. Masu nazarin fassarar na'ura sun san dabarar harshen tsakiya (langue pivot). In akwai manhaja 10 kuma kowace za ta fahimci kowace kai tsaye, ana buƙatar tafinta 90. In kuwa duka suka yarda da harshe ɗaya a tsakiya, tafinta 20 sun isa: ɗaya mai fitarwa, ɗaya mai shigowa, ga kowace manhaja. IFC wannan aiki take yi, kamar yadda hausa ke yi a kasuwar Magarya tsakanin Bafulatani da Babarbare da Buzu. Amma mun san kuma illar harshen tsakiya: fassara biyu ake yi, kuma abin da harshen tsakiyar bai bambanta ba, ba zai isa ga mai karɓa a bambance ba, ko da harshen mai aikowa da na mai karɓa duk sun san bambancin. Mai zanen Yamai ya san zanko, maginin Kwaya ya san zanko. A tsakiya kalmar ta faɗi.

4. IFC a matsayin ƙamus

Sunayen rukunonin IFC da ingilishi suke, kuma ba sa canzawa ko an mai da allon manhaja zuwa faransanci. Kowane rukuni yana da jerin nau'o'i da aka ƙayyade, a ƙarshen jerin kuma akwai gurbi biyu, USERDEFINED da NOTDEFINED, wato «mai aiki ya sa nasa» da «ba a faɗa ba». Ga abin da muka samu.

4.1. Bango da katanga. Hausa ta raba abin da faransanci ya haɗa a kalmar mur:

(1) bango: wanda ke ɗauke da rufin ɗaki
(2) katanga: wadda ke kewaye gida, ba ta ɗauke da komai, aikinta sutura

IFC tana da IfcWall ga duka biyun. A cikin nau'o'insa akwai bangon raba ɗaki, da bangon da ake turawa, da bangon ɓoye bututun ruwa, da bangon tare ƙasa, har da na tare igiyar ruwa a gaɓar teku, wanda ya shigo da bugun 4.3. Babu bangon da aikinsa shi ne kare iyali daga idon mai wucewa. Ban da wannan, hanyar da aka fi bi wajen bayyana bango a IFC ita ce layi a ƙasa da jerin shimfiɗu masu kauri ɗaya daga tushe har sama. Bangon tubali kuwa yana da kauri a gindi yana sirancewa yayin da yake hawa, kuma ƙarfinsa daga nan yake. Ana iya fitar da irin wannan bango, amma sau da yawa sai ya fita a matsayin dunƙulen siffa kawai, mai karɓa ya gan shi amma ba zai iya cewa «ƙara masa kauri» ba, sai ya sake zana shi.

4.2. Rufi. Jerin IfcRoof yana da nau'i 13 masu suna. Akwai shimfiɗaɗɗe, akwai mai gangare ɗaya da mai biyu, akwai mansard wanda ya ci sunan maginin Faransa François Mansart, akwai mai kama da fukafukan malam-buɗe-littafi. Jinka, wadda ita ce rufin miliyoyin ɗakuna da rumbuna daga Senegal har Sudan, ba ta ciki. A wannan jeri ne muka ci karo da tarkon da ya kamata a koya wa ɗalibai:

(3) RAINBOW_ROOF
(4) bakan gizo

Wanda ya fassara (3) kalma da kalma zai sami (4), ya ɗauka ya dace. Amma a IFC (3) rufi ne mai gangare biyu da suka ɗan yi doro suka haɗu a tsini. Bakan gizo na magina kuwa ba rufi ba ne, haƙarƙari ne da ke ɗaukar rufi. Da azara ake yin sa, ana jera ta hawa-hawa, kowane hawa ya zarce na ƙasansa, a ɗaure da igiya a lulluɓe da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Dalilinsa shi ne azarar giginya, duk da cewa gara ba ta cin ta, ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa in tazarar ta wuce mita 2 ko kusa da haka, don haka sai an raba sararin ɗaki da baka. In bakuna suka gitta juna a tsakiya aka sami ɗaurin guga. Da wannan dabara Babban Gwani ya rufe masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, ita ce kuma ake gani a manyan zauruka na Birnin Damagaram. Wannan shi ne abin da malaman fassara ke kira faux ami: kama a baki, saɓani a ma'ana. A IFC baka ba IfcBeam ba ne sosai, ba IfcColumn ba ne sosai, domin yana farawa a matsayin ginshiƙi ya ƙare a matsayin gungumen rufi, ba tare da wurin da za a ce nan ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara ba.

4.3. Ciki da waje. IFC tana tambayar kowane bango da kowace ƙofa tambaya ɗaya mai amsa biyu, IsExternal: na waje ne ko ba na waje ba? Ma'aunin tambayar shi ne iska da ruwan sama, domin a ƙasashen sanyi abin da ke gabansu shi ne yawan zafin da ke fita daga gida. A hausa ma'aunin daban yake:

(5) ƙofar gida, zaure, shigifa, cikin gida, ɗaki, turaka

Wannan jeri ba na rufi ba ne, na izini ne: wa ke iya kaiwa ina. Zaure yana da rufi amma baƙo namiji yana zama a cikinsa, ke nan ta fuskar ma'ana ya fi kusa da waje. Tsakar gida ba ta da rufi amma ita ce «cikin gida». In aka bi IFC sai a rubuta zaure INTERNAL, tsakar gida EXTERNAL, wato akasin yadda mai gidan ke kallon su. Abin lura kuma shi ne, a jerin nau'o'in IfcSpace wurin ajiye mota yana da sunansa na kansa, PARKING, alhali tsakar gida, inda ake daka da girki da renon yara, ba ta da shi.

4.4. Rukunin marasa suna. IFC ta ware rukuni guda ga bututun hayaƙin murhu, IfcChimney, da wani ga bangon gilashi na dogayen benaye, IfcCurtainWall. Abin da bai sami gurbi ba kuwa ana zuba shi cikin IfcBuildingElementProxy, wanda ma'anarsa ita ce «wani abu na gini». Kalma ce irin «abin nan» ko machin na faransanci. Nan zanko da dakali da baka suka tafi a fayil ɗin da muka gani.

A nan ne maganar ta tashi daga nazarin ma'ana ta shiga aljihu. Amfanin samfurin gini a wajen masu ba da kwangila shi ne na'ura ta ƙirga kaya da kanta: bango mita kaza, ƙofa kaza, daga nan a fitar da kiyasin kuɗi (devis). Ƙirgar da rukuni take tafiya. Jadawalin bango yana tattara duk IfcWall, na ƙofofi duk IfcDoor. «Abin nan» ba shi da jadawali sai in wani ya zauna ya yi masa da hannu. Abin da bai shiga jadawali ba, ba a ware masa kuɗi, kuma abin da ba a ware wa kuɗi ba shi ake fara yankewa ranar da kuɗi suka gaza. A aikin da muka ambata, da yaron bai lura ba, da azarar bakuna da igiyarsu da ladan wanda ya iya ɗaura su duk ba su shiga kiyasi ba, kuma mafita mafi sauƙi a rana irin wannan ita ce a ce a sa kwano. Ba wanda ya yi niyyar haka. Bulon siminti da kwano suna da cikakkun sunaye a ƙamus, suna shiga lissafi ba tare da wahala ba, ƙasa kuwa sai an yi mata roƙo.

Haka abin yake wajen kayan gini. IFC ta bar mai aiki ya rubuta sunan kaya yadda ya so, wannan kuma daidai ne. Amma a cikin manyan azuzuwan kaya da take ba da shawara, kalma ɗaya ce, earth, ta tsaya wa tubali da ake mulmulawa da hannu, da bulon ƙasa da ake bugawa a ma'aunin katako, da wanda inji ke matsawa, da yaɓe, da makuba da ake haɗawa da ɓawon ɗorawa don kare bango daga ruwa. Ga magini waɗannan ba abu ɗaya ba ne, ba ƙarfinsu ɗaya ba, ba kuma lokacin gyaransu ɗaya ba.

4.5. Baƙaƙe masu lanƙwasa. Fayil ɗin IFC rubutu ne da ake iya buɗewa a karanta da ido, kuma wannan babbar falala ce ga mai aiki a keɓe. Yana bin tsarin ISO 10303-21, wanda a asalinsa baƙaƙen ingilishi kawai ya sani. Duk wani baƙi sai an rubuta lambarsa ta Unicode tsakanin alamomi:

(6) ɗaki: \X2\0257\X0\aki
(7) ƙofa: \X2\0199\X0\ofa

Manhaja mai kyau tana mai da (6) da (7) yadda suke. Wadda ba ta kula ba sai ta nuna alamar tambaya. Saboda tsoron haka masu zane kan rubuta daki da kofa, ko su koma chambre da porte. Mu da muka ga wahalar da aka sha kafin dokar Oktoban 1999 ta tsayar da ƙa'idojin rubutun hausa a Nijar, mun san cewa baƙin da ake gudun rubutawa a wurin aiki a hankali yake fita daga hannun mutane.

5. Abin da za a faɗa don kare IFC

Adalci ya sa mu faɗi abu uku. Na farko, babu ƙamus da ya ƙunshi komai, kuma waɗanda suka fara wannan aiki a 1994 kamfanonin Amurka ne da ke neman warware matsalarsu. Ba a zargin Bargery da cewa ƙamus ɗinsa na 1934 bai san kwamfuta ba. Na biyu, ba kamar fayilolin kamfanoni ba, IFC a buɗe take, kowa na iya karanta ta kyauta, kuma fayil ɗin da aka ajiye da bugun 2x3 na 2006 yana buɗuwa har yau. Ga ƙasar da ke son ajiye zanen fadar Sarkin Damagaram da unguwar Birni, waɗanda ke cikin jerin share fage na UNESCO tun 2006, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na uku, nahawun IFC ya fi ƙamus ɗinta faɗi. Gurbin USERDEFINED yana ba da dama a rubuta «katanga» a matsayin nau'in bango. Akwai IfcClassification, wanda ke ba da dama a liƙa wa kowane ɓangare lamba da suna daga wani tsarin rarrabewa na gida, kuma wannan bayani cikin fayil ɗin yake tafiya, ba ya jiran rezo. Har ma'auni irin kamu da gaba ana iya bayyana su.

Amma wannan kariya tana da iyaka. Harshen da ya bar maka gurbi ka sa kalmarka bai zama ya san kalmar ba. In ofis ɗaya ya rubuta zanko, wani ya rubuta zankwaye, wani pinacle, wani merlon, na'ura za ta ɗauke su abu huɗu. Gurbin yana amfani ne kawai in akwai yarjejeniya a bayansa, yarjejeniyar kuwa aikin keɓaɓɓun kalmomi ce, wato aikinmu. Laifin da ya rage, saboda haka, ba na masu ƙa'idar ba ne su kaɗai. Littafin Moughtin kan ginin Hausawa ya fito a 1985, na Dmochowski a 1990, kuma dukansu sun tattara kalmomin magina, amma domin mai karatu aka tattara su, ba domin na'ura ba.

Kada kuma a ɗauka maganar ta tsofaffin gine-gine ce kawai. Masallacin Yama a jahar Tawa, wanda Falke Barmu ya fara a 1962, ya sami kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji, Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa, aka gama a 2018 tare da maginan yankin. Ginin ƙasa yana shiga ofisoshin zane, kuma duk abin da ya shiga ofishin zane yau da fayil yake fita.

6. Kammalawa

Tun watan Maris na 2025 kundin da ake kira Charte de la Refondation ya ba hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar. Matsayi irin wannan yana tabbata ne a wuraren da ake ƙirga kuɗi, kuma jadawalin kayan gini yana cikinsu. Muna ba da shawara uku.

Ta farko, sashenmu, tare da malaman aikin gini na Jami'ar André Salifou ta Damagaram da sarakunan magina, ya tsara ɗan jadawali na kalmomin gini, wanda bai kamata ya wuce kalma 100 ba a karon farko. Kowace kalma ta zo da lamba, da ma'ana da hausa da faransanci, da rukunin IFC da aka yarda a sa ta, da ma'aunin da za a ƙirga ta da shi. Lambar ce za ta ba mu damar barin karin harshe ya numfasa, domin abin da ake kira soro ko shigifa a Kano ba lalle ne ya zama shi ake nufi a Magarya ba, kuma bai kamata jadawali ya kashe ɗaya don ya raya ɗaya ba.

Ta biyu, jadawalin ya zama ƙaramin fayil da ake kwafewa tare da manhajar kyauta a ma'ajiyar USB guda, a kuma liƙa shi cikin kowane fayil ɗin IFC da aka fitar, yadda wanda ya buɗe shi a ƙauye zai sami kalma da ma'anarta a wuri ɗaya.

Ta uku, duk mai karɓar fayil, kafin ya bar inda ake da rezo, ya ƙirga yawan IfcBuildingElementProxy da ke ciki, ya nemi mai zane ya ba kowane suna. Ɗan ƙanwarmu haka ya yi daga baya: ya koma Magarya, ya kira ofishin, suka bi sassan ɗaya bayan ɗaya, shi yana karanta lamba, yana faɗa musu sunan da tsohon magini ya ba shi. Aikin ya ci musu yini guda, azarar kuma ta shiga kiyasi.

Muna fatan ɗaliban da ke neman batun kundin digiri na biyu za su duba wannan fili. Ana buƙatar wanda zai zauna da magina a Kwaya da Dungas da Wacha da Birni, ya naɗi kalmominsu, ya gwada iyakar ma'anar kowace da hoto da tambaya, kamar yadda aka yi wa kalmomin noma da na kiwon lafiya a shekarun baya.